Mai baƙin tabarau na gasar Dragon Ball: wane ne shi, kuma yaya aka yi ya gano Mr. Satan?

Tambaya: Ina kallon Dragon Ball Z, na kawo wurin da Goku ya dawo duniya na kwana ɗaya don ya shiga gasar faɗa. Sai ga wani mutum mai baƙin tabarau da makirufo a hannu ya taho da murna yana gaishe su kamar tsofaffin abokansa, har ya rage murya ya nuna ya san ba Mr. Satan, zakaran da duniya ke yabo, ne ya gama da mugun nan Cell ba. Wane ne wannan mutumin? Mene ne sunansa, kuma yaya aka yi shi ya gane alhali duk duniya ta haɗiye ƙaryar?

Amsa: Ƙanena, daga jin tambayarka na san da Z ka fara, ba ka ga Dragon Ball na farko ba, lokacin da Goku yake yaro da jelarsa. Ba laifinka ba ne. Yawancinmu ta tsakiya muka shigo, muka tarar mutanen gidan sun daɗe da sanin juna. Gaisuwar da ka gani ta mutanen da suka shekara 18 ba su haɗu ba ce, kuma amsar tambayarka ta ƙarshe tana cikin wani rami da aka haƙa a gefen fage. Zan kai ka can, amma bari mu fara da suna.

Ba shi da suna. Akira Toriyama ya zana labarin a mujallar Weekly Shonen Jump daga 1984 zuwa 1995, babi 519 da aka tara a littafi 42, kuma babu shafi ɗaya da aka kira mutumin nan da sunan yanka. Japanawa da aikinsa suke kiransa, anaunsa, wato mai sanarwa na gasar Tenkaichi Budokai, gasar fitar da gwanin da babu na biyunsa a ƙarƙashin sama. Kuma Toriyama ba mai rowar suna ba ne idan an matsa masa da tambaya. Shekaru bayan kammala labarin ya bayyana cewa Mr. Satan sunan fage ne kawai, sunansa na gaskiya Mark. Ya kuma ce Android 17 da 18 sunayensu na asali Lapis da Lazuli. Mai sanarwa bai samu wannan gatan ba. Idan ka ci karo da wani suna da aka liƙa masa a intanet, ka sani ba daga shafukan manga, wato littafin zanen na asali, ya fito ba.

Don ka gane dalilin zuwansa, sai ka san cewa da farko Dragon Ball ba labarin gasa ba ne. Tafiya ce ta neman ƙwallaye bakwai, an ɗora ta a kan tsohon labarin Sin na biri Sun Wukong, ga barkwanci kamar me. Masu karatu ba su rungume shi yadda aka yi zato ba, editansa Kazuhiko Torishima kuma ya gaya masa a fili cewa jarumin nasa ya yi lami. Sai Toriyama ya tuna yadda gasa take jan mutane a aikinsa na baya, Dr. Slump, ya tura Goku horo wajen tsoho Roshi, daga can ya wuce da shi fage. A 1985 ke nan, kuma daga nan ne labarin ya kama kasuwa.

To amma gasa a kan takarda tana da wata matsala. Takarda ba ta motsi, ba ta ƙara. Idan an zana mutum biyu suna musayar naushi, mai karatu yana bukatar wanda zai gaya masa wannan bugun na yau da kullum ne ko abin a riƙe baki ne, doka ta yarda da shi ko ba ta yarda ba, saura ƙirga nawa wanda ke ƙasa ya tashi. A gidan dambe aikin a rabe yake: ga alƙalin wasa, ga mai riƙe da abin magana yana sanar da masu shiga, ga makaɗi can yana zuga. Toriyama ya tattara alƙalanci da sanarwa da sharhi da hira da 'yan wasa ya ɗora wa mutum ɗaya, ya sa masa baƙar kwat da baƙin tabarau, ya tsayar da shi a gefen dandamali. Dokokin da yake tsarewa ba su da yawa. Ka taɓa ƙasa a wajen dandamali, ka faɗi. Ka kwanta har a ƙirga 10, ka faɗi. Ka ce ka sallama, shi ke nan. An hana makami, an hana kisa, kuma kisa na gaske ake nufi, ba irin na 'yan dambe da mutum zai tashi ya kakkaɓe ƙura ba.

Ya fara fitowa ne a gasa ta 21, shekara ta 750 a kalandar labarin. Mutum 137 suka shiga, takwas suka tsallake, kyautar kuma zeni 500,000, zeni kuwa shi ne kuɗin duniyar labarin. Abin da ya fara yi a gaban Goku shi ne ɓata masa suna. Rubutun Japan yana amfani da haruffan da aka aro daga Sin, kuma harafi ɗaya yakan karantu ta hanya biyu ko fiye. Sunan Son Goku haruffa uku ne. Na farkon ana iya karanta shi son, ana iya karanta shi mago, wato jika. Na ƙarshen ana iya cewa ku, ana iya cewa sora, wato sararin sama. Wajen cire ƙuri'a sai mutumin naka ya duba takarda ya ƙwala kiran Mago Gosora. Abin dariyar shi ne wannan sunan birin tatsuniya ne da kowane yaro a Japan ya sani, kamar a ba mai shela takarda ya kasa karanta Gizo. Bayan shekara uku ya sake yin irin ta da Chaozu, ya kira shi Gyoza, sunan wani abinci na ƙullun fulawa da ake cusa wa nama. Irin wannan wasan yakan mutu a fassara, shi ya sa da yawa daga masu kallo ba su san an yi shi ba.

Wurin da na fi so a duk fitowarsa yana cikin wannan gasar, a wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Krillin da Jackie Chun, wanda ba kowa ba ne illa malaminsu Roshi da ya manna gashin kanti don kada yaransa su ci gasa kansu ya kumbura. Suka rugo, suka gifta juna kamar walƙiya, sai ga Krillin a ƙasa. Ya miƙe kafin ƙirga ta cika. Mai sanarwa ya matso da makirufo, ya ce don Allah su yi haƙuri, shi da 'yan kallo ba su ga komai ba, ko za su taimaka su maimaita a hankali. Abin mamaki suka yarda. Aka dakatar da faɗa, tsoho da yaro suka shiga nuna wa jama'a dalla-dalla: ga shurin da aka kai, ga yadda aka sunkuya aka kauce, ga inda suka tofa wa juna yawu, har da wasan yatsu na janken da suka tsaya suka yi a tsakani. Da aka zo wajen tsalle, tunda ba a tsalle a hankali, mai sanarwa ne ya riƙa ɗaga su sama yana nishi. Duk wannan, in ji su, a cikin kusan daƙiƙa 0.2 ya faru.

Yaro yana karanta wannan ya yi dariya ya wuce. Amma a nan ne labarin ya fara sanar da kai cewa yaran nan sun wuce inda idon mutum yake kaiwa, kuma da idon mai sanarwa aka auna. Da Roshi ne ya ce suna da sauri, da sai ka ce malami ne yake yabon ɗalibansa. Da wanda ya ga ɗaruruwan 'yan wasa ya ce bai ga komai ba, dole ka yarda.

Gasar nan ta wahalar da shi ta fuskar hukunci, don kusan kowane wasa yana zuwa da abin da doka ba ta tanada ba. Giran ya wurga Goku waje, Goku ya kira gajimarensa Kinto'un ya dawo da shi bai taɓa ƙasa ba. Shin gajimare makami ne? Sai da aka koma wajen shugaban wurin, wanda kare ne, wanda kuma jawabinsa na buɗe taro haushi ɗaya ne tak, aka yanke cewa an bar wannan, amma kada a sake. A wasan ƙarshe Goku ya shure Jackie Chun daga dandamali, har an fara murna, sai tsohon ya ce a duba da kyau: ya soke ƙafarsa a jikin bangon dandamalin, bai taɓa ƙasa ba. Ya sa Goku barci, ana cikin ƙirga abokiyarsa Bulma ta ƙwala ihu cewa abinci ya sauka, yaro ya zabura. Goku ya kalli wata ya rikiɗa ya zama gwaggon biri, tsohon ya ɗaga hannu ya tarwatsa watan ɗungurungum. Daga ƙarshe suka yi tsalle suka shuri juna, duka biyu suka zube, ƙirga ta kai 10 babu wanda ya tashi. Mai sanarwa ne ya fito da hukuncin: wanda ya riga miƙewa ya furta da murmushi cewa shi ya ci gasa, shi ya ci. Goku ya riga tashi, ya faɗi maganar saura kiris ya ƙarasa, ya sake kifewa. Jackie Chun ya miƙe ya ƙarasa tasa. Ƙafarsa ta fi tsawo, shurinsa ya fi shiga. Kuɗin kyautar kuwa a daren suka tafi, don abincin da Goku ya ci ya tashi zeni 470,000.

Gasa ta 22, shekara ta 753, a tsibirin Papaya, mutum 182. Tenshinhan ya share dandamalin gaba ɗaya da Kikoho, wata wuta da yake harbawa da hannu, ya bar rami a wurin, shi da Goku suka ƙarasa a sama. Suka taho ƙasa tare, can nesa da filin, kuma wanda ya riga taɓa ƙasa shi ya faɗi. Mai sanarwa bai tsaya jiran labari ba, ya hau abin hawa mai tashi ya bi su don ya gani da idonsa. Goku ne ya kamata ya ci, sai wata mota ta shigo hanya ya bangaje ta ya riga sauka. Aka ba Tenshinhan.

A yammacin wannan rana ne labarin ya sauya fuska, kuma a bakin mai sanarwa aka ji. Goku ya manta sandarsa da ƙwallon kakansa mai taurari huɗu, Krillin ya ce bari ya koma ya ɗauko. Aka ji ƙara. Da suka ruga suka tarar da Krillin kwance babu rai, mai sanarwa a gefe jikinsa na rawa. Shi ya gaya musu wani dodo ya shigo ya ƙwace ƙwallon, ya kuma tafi da kundin sunayen 'yan gasa. Dodon shi ne Tambourine, yaron Piccolo Daimao, kundin kuma don a bi gwanayen faɗa ɗaya bayan ɗaya a hallaka su. Wannan a 1987 ya fito a mujalla. Ka lura da wanda Toriyama ya zaɓa ya zama shaida a karon farko da mutuwa ta taɓa ɗaya daga cikin manyan abokan Goku: mutumin da har zuwa lokacin aikinsa ba mu dariya ne. Ban ɗauka sakaci ba ne. Ganin tsoro a fuskar da ka saba gani tana zolaya ya fi girgiza mai karatu fiye da kowane jawabi.

Shi ya sa da aka dawo gasa ta 23 a shekara ta 756, ya hango Krillin yana tafiya da ƙafarsa, ya ɗauka fatalwa ce. Shi gawa ya sani. Ba shi da labarin Shenron, macijin da ke cika buri idan an tara ƙwallaye bakwai, wanda shi ya dawo da Krillin.

Wannan gasa ta 23 ita ce amsarka, don haka zan ɗan zauna a kanta. Mutum 72 kacal suka shiga. A cikinta ya kori Tao Pai Pai da ya zaro wuƙa daga hannunsa ya yanki Tenshinhan, a cikinta kuma ya ga wasa ya koma neman aure, Goku da Chi-Chi suka sauka daga dandamali an yi alkawari. Wasan ƙarshe ya haɗa Goku da wani da ya yi rajista da sunan Ma Junior. Ana tsakiyar faɗa rawaninsa ya tafi, kamanninsa suka bayyana, ya kuma faɗa da bakinsa cewa shi ne Piccolo Daimao da ya dawo, wanda shekara uku da suka wuce ya ƙwace fadar sarkin duniya. Filin ya watse. Kowa ya yi ta kansa, aka bar abokan Goku su kaɗai. Da mai sanarwa. Ya tsaya da makirufonsa yana sharhi ga kujerun da babu kowa a kansu.

Da Piccolo ya fara tara ƙarfi zai tashi wurin baki ɗaya, Goku ya ce kowa ya gudu. Babu lokaci. Tenshinhan ya harba Kikoho a ƙasa ya buɗe rami, aka duru a ciki, har da mutumin naka. Da suka leƙo, babu fili, babu gine-gine, sai fako. Goku yana tsaye. Ya lakaɗa wa Piccolo duka ya binne shi da wutarsa ta Kamehameha, sannan ya waiwayo ya ce a yi ƙirga. Ka duba wannan da kyau: makomar duniya ake yi, amma yaron nan ƙirga yake nema. Tun kafin nan ma, da Kami, mai gadin duniya a labarin, ya shiga tsakani ya tare masa naushi, Goku ya ƙi yarda, ya tsaya ya bar Piccolo ya rama bugun don kada a ce an taimake shi. A wajensa wasa ne, kuma wasa ba ya tabbata sai da alƙali. Mai sanarwa ya matsa bakin ramin ya fara. Ya kai tara, Piccolo ya ɗago kai ya harbo wuta daga baki ta huda Goku ta fita ta baya. Ya bi shi ya lalata masa sauran gaɓoɓi, ya tashi sama ya sako bugun ƙarshe, ya sauko yana murna. Ashe Goku ya tashi sama shi ma, karo na farko da aka ga ya yi haka da kansa. Ya taho kamar kibiya ya sa kai ya tunkuyi Piccolo. Da aka duba inda Piccolo ya faɗi, ya fita daga iyakar inda dandamali yake a da. Mai sanarwa ya ɗaga murya ya ayyana Son Goku gwarzon gasa ta 23.

Wannan ce kaɗai gasar da Goku ya taɓa ci a manga, kuma babu ɗan kallo ko ɗaya. Idan ka cire abokansa, mutum ɗaya ne a duniya ya ga abin da ya faru daga farko har ƙarshe. Da shi ma ya bi jama'a ya gudu, da Goku ya yi nasara a faɗa amma bai ci gasa ba, don babu mai ayyanawa.

Daga nan ya ɓace. Jim kaɗan bayan haka Raditz ya sauko daga sararin samaniya da wata na'ura a ido mai auna ƙarfi, ya kalli wani manomi mai bindiga ya ce ƙarfinsa 5. Aikin da mai sanarwa yake yi da mamakinsa, yanzu lamba ce take yi. Ba a bukatar wanda zai ce bai ga komai ba idan Freeza zai iya buɗe baki ya ce nasa 530,000 ne. Ni dai ina ganin an yi asara a nan, ko da yake na san da yawa ba za su yarda da ni ba, don zamanin Saiya, ƙabilar mayaƙan da Goku ya fito, da abokin gabarsu Freeza shi ne abin da ya sa suka so Dragon Ball. Lamba tana gaya maka wa ya fi wa, amma ba ta jin tsoro, ba ta ɓata suna, ba ta shiga rami. Sama da babi 200 aka yi babu shi.

Kada ka haɗa shi da ɗan jaridar da ya je gasar Cell. Mutane da yawa suna rikita su. Wancan ma'aikacin gidan talabijin ne, wanda fassarar Ingilishi ta Amurka ta raɗa wa Jimmy Firecracker, kuma kishiyar namu ne ta kowace fuska. Cell ya mare Mr. Satan ya bugu da dutse, Mr. Satan ya ce santsi ne ya kwashe shi, ɗan jarida ya yarda. Aka ga mutane suna tashi sama suna harba wuta, Mr. Satan ya ce dabo ne, ya yarda. Ya ce cikinsa ke ciwo, ya yarda. Da ƙura ta lafa Mr. Satan ya ce shi ya gama da Cell, aka watsa wa duniya. Mutum biyu, aiki ɗaya, amma ɗaya ya ga gasa uku da idonsa, ɗaya bai san kowa ba sai Mr. Satan. Sannan ka tuna an haska farkon gasar Cell kai tsaye kafin kyamara ta lalace. A gefen fage ga wani kore dogo, ga gajere mai ƙwalƙwal, ga mai ido uku. A wajen jama'a wasu baƙi ne marasa suna. Wanda ya taɓa yi wa Piccolo ƙirga har tara kuwa ba ya bukatar a gaya masa.

To ka ga inda gaisuwar gasa ta 25 ta samo asali, a shekara ta 774. Ya tsufa kaɗan, ga gashin baki, amma tabarau na nan. Ya tarbe su da farin cikin wanda ya shekara da shekaru yana cin tuwo babu miya, ya koka musu cewa tun da suka daina zuwa gasar ta zama abin hamma. Ya roƙi Piccolo kada a rushe masa dandamali wannan karon. Ya ga zoben haske a saman kan Goku ya tambaya, Goku ya ce ai ya mutu ne, yau ɗaya aka ba shi. Mutumin da ya taɓa razana don ya ga Krillin, yanzu ya ji wannan ya haɗiye ya ci gaba da harkarsa.

Gasar ma ta sauya. An daina wasannin share fage, an kawo injin auna naushi. Mr. Satan ya buga ya samu 137, jama'a suka yi ta tafi. Su Goku suna taɓa injin da ƙyar don kada su fasa shi, Vegeta kuwa da ba ya wasa ya aika shi bango. An buɗe rukunin yara, inda Trunks ɗan shekara 8 ya doke Goten ɗan shekara 7, 'yan kallo suka yi tsuru-tsuru, mai sanarwa kuwa kamar an ba shi kyauta. A wasan Videl da Spopovich, da ta shure shi wuyansa ya juya, ya fara shirin korarta saboda dokar kisa, sai Spopovich ya miƙe ya mayar da kansa daidai. Da jaruman suka bar filin suka bi sawun wani matsafi mai suna Babidi, aka haɗa mutum biyar da suka rage a fage ɗaya. Aka gano Mighty Mask yara biyu ne a cikin riga ɗaya, Goten da Trunks, ya kore su nan take. Saura Android 18 da Mr. Satan. Ta maƙale shi ta raɗa masa cewa za ta faɗi idan zai biya ta zeni miliyan 20, ninkin kyautar gasar. Ya yarda, ya kai mata wani naushi da ko kaza ba zai kayar ba, ta wurga kanta waje. Mai sanarwa ya ayyana Mr. Satan.

A nan wani zai ce, ashe shi ma munafuki ne, ya san gaskiya ya yi shiru yana cin albashi. Na taɓa yin wannan tunanin, na kuma bar shi. Na farko, masu gaskiyar da kansu ba sa so a faɗa. Gohan, ɗan Goku, da ya kashe Cell ya shiga gasar ne fuska a rufe don kada 'yan makarantarsu su gane shi. Na biyu, tun gasa ta 21 mutumin nan abin da ya faru a dandamali yake hukuntawa, ba abin da ya sani a zuciyarsa ba. Ya san Goku ya kusa cin Tenshinhan, amma wanda ya riga taɓa ƙasa shi ya faɗi. Android 18 ta taɓa ƙasa a waje. Abin da ya sani game da Cell ya faɗa wa waɗanda abin ya shafa, a kunne, sau ɗaya.

Ba wai na ce idonsa ba ya kuskure ba. Gasa biyu Roshi ya yi a gabansa da gashin kanti bai gane shi ba. Chaozu ya juya ƙuri'ar gasa ta 22 da ƙarfin tunani mai sanarwa yana tsaye yana rubuta sakamako, Buu, dodon sihiri na ƙarshen Z, ma ya yi masa haka a ta 28 bisa roƙon Goku. Wajen sihiri a makance yake kamar kowa.

Idan kana kallo da muryar Japan, akwai abin da zai ba ka sha'awa. A Dragon Ball na farko, wanda kamfanin Toei ya shirya aka fara nunawa a 1986, Kenji Utsumi ne ya yi muryarsa, mutumin da ya yi muryar Shenron. A Z kuma Hirotaka Suzuoki ne ya karɓa, wanda shi ne muryar Tenshinhan, wato wanda ya haƙa ramin da ya cece shi. Shawarata ka koma ka nemi kashi 153 na farkon nan, ko aƙalla gasa ukun, kafin ka ci gaba da labarin Buu.

Za ka sake ganinsa sau ɗaya a ƙarshen Z, a gasa ta 28, shekara ta 784, shekara 34 bayan ranar da ya kira Mago Gosora. Gashi ya ja baya, tabarau bai sauya ba. A gabansa jikar Goku, Pan, 'yar shekara 4, ta yi waje da wani ƙato. A gabansa Goku ya kara da Uub, yaro ɗan shekara 10 daga wani ƙauye mai fama da talauci. Ana tsakiyar wasa Goku ya ga abin da ya zo nema, ya yi sallama da iyalinsa, ya goya yaron ya tashi sama da shi zai je ya horar da shi. Babu wanda ya taɓa ƙasa a waje, babu wanda ya kwanta aka yi masa ƙirga, babu wanda ya ce ya sallama, ga mai sanarwa tsaye da makirufo a hannu.